Me kogin Nilu yake yi wa Masar, kuma me ya sa namu na Kaduna bai yi mana haka ba?

Wani ɗalibi daga Unguwar Rimi ya turo mini tambaya. Ya ce a makaranta an koya musu cewa ba don kogin Nilu ba da babu ƙasar Masar. Yana son ya san abin da kogi guda zai yi wa ƙasa har a faɗi haka. Ya kuma ce, mu da kogi ya ratsa tsakiyar garinmu, me ya sa abin da muke gani sai ambaliya da damina da wahalar ruwa da rani?

Ƙanena, aikina ke nan, awon ruwa da tsara ban-ruwa, don haka zan ɗan tsawaita. Malaminku bai yi ƙari ba ko kaɗan.

Fara da ruwan sama, don shi ne tushen maganar. A nan Kaduna muna samun wajen milimita 1,200 a shekara. Alƙahira tana samun kimanin milimita 25. Ruwa ɗaya mai ƙarfi na watan Agusta, irin wanda yake cika kwalbatocin Tudun Wada cikin awa guda, ya fi abin da suke samu daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. A Aswan kuwa, can kudancin ƙasar, shekara takan zagayo ba a ga ɗigo ba. Ƙasa irin wannan ba ta da damina, ba ta da noman tudu, ba ta da makiyayar da ciyawa za ta tsiro da kanta. Amma yau mutum sama da miliyan 100 suke zaune a cikinta, kuma kusan kashi 95 cikin 100 nasu suna cunkushe ne a gefen kogin da kuma inda ya rarrabu kafin ya faɗa Bahar Rum, filin da bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na faɗin ƙasar ba. Sauran duk yashi ne da duwatsu. A wurare da yawa a kudancin Masar mutum zai iya tsayawa da ƙafa ɗaya a kan baƙar ƙasar noma, ɗayar a kan rairayi.

To ruwan daga ina yake? Ba nasu ba ne, baƙo ne. Nilu yana da tsawon kimanin kilomita 6,650, kuma manyan rassa biyu ne suka haɗu suka yi shi. Farin Nilu yana fitowa daga yankin tafkin Biktoriya, ya ratsa Yuganda da Sudan ta Kudu, inda wata makekiyar fadama da ake kira Sudd take shanye kusan rabinsa. Ɗaya reshen, wanda Turawa suke ce wa Shuɗin Nilu, yana tasowa ne daga tafkin Tana a tsaunukan Habasha. Suna gamuwa a Khartum. Gaba kaɗan kogin Atbara, shi ma daga Habasha, ya shigo. Daga nan an gama: kogin zai yi tafiyar sama da kilomita 2,000 a cikin hamada ba rafin da zai ƙara masa ruwa, sai rana da ke ta ɗiba. Kusan kashi 85 cikin 100 na ruwan da ke isa Masar daminar Habasha ce, wadda take sauka kusan lokaci ɗaya da tamu, daga Yuni zuwa Satumba.

Ga abin da ɗalibai suka fi mamaki in na faɗa musu: Nilu ba wani babban kogi ba ne ta fuskar yawan ruwa. Abin da yake kaiwa Aswan a shekara, a matsakaici, kubik mita biliyan 84 ne. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ke nan, wato duro biyar. Kogin Kwara namu yana zuba wa teku kusan ninki biyu na wannan, kogin Kwango kuwa ya ninka shi fiye da sau goma. Amma ba wanda yake cewa ba don kogi ba da babu Kwango, domin can sama tana ba su ruwa kusan kullum. Darajar kogi ba a girmansa take ba, tana ga irin ƙasar da ya ratsa da kuma abin da mutane suke da shi in babu shi. Masar ba ta da komai in babu shi.

Kafin a gina manyan madatsu, kogin yakan fara tasowa a Aswan cikin Yuli, ya kai ƙarshen cikarsa wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ya malale gonaki, sannan ya janye a Oktoba da Nuwamba. Manoma sukan kewaye filaye da ganuwar ƙasa, su buɗe wa ruwa ya shiga ya kwanta makonni, har ƙasa ta sha ta ƙoshi, sannan su sake shi ya koma kogi. Abu uku wannan ruwa yake yi a zuwa ɗaya: ya jiƙa ƙasa har can ƙasa, ya wanke gishirin da zafi ya taso da shi, ya kuma bar baƙar laka da ya kwaso daga tsaunukan Habasha, taki ne da ba a saya ba. Sai a watsa alkama da sha'ir a kan danshin, su nuna ba tare da ruwan sama ba. Wanda ya san yadda mutanen Borno suke dasa masakwa a firgi bayan ruwa ya janye, ya fahimci dabarar. Inda ambaliyar ba ta kai ba kuma, da jigo suke ɗaga ruwa, irin dai wanda kakanninmu suka yi lambu da shi. Har sufuri kogin ya sauƙaƙa musu: ruwa yana gangarawa arewa, iska kuma galibi tana kaɗowa daga arewa zuwa kudu, saboda haka jirgi yakan bi ruwa in zai gangara, ya ɗaga filafilai in zai hau. Abin da ya ɗinke dogon zirin ƙasar nan ya zama daula ɗaya tun shekaru kusan 5,000 da suka wuce ke nan.

Amma abin da nake so ka riƙe, fiye da laka da jirage, shi ne awo. Mutanen nan suna auna koginsu tun zamanin Fir'auna. A tsibirin Rauda da ke tsakiyar Alƙahira har yau akwai wata rijiya mai matakala da ginshiƙin dutse a tsakiya, an yi masa zane-zanen kamu, an gina ta a shekarar 861 ta Miladiyya zamanin halifa Mutawakkil na Abbasiyawa. Ruwan kogi yana shiga ta ƙasa, ma'aikaci ya sauka ya duba inda ya tsaya. In ya kai kamu 16, an san bana za a ci a ƙoshi, a yi shela a gari. In ya gaza, an san yunwa na tafe, a rage haraji, a tanadi hatsi. In ya wuce kima, an san zai ci ƙauyuka. Kuma sun ga abin da gazawarsa take haifarwa: wajen 1065 zuwa 1072, zamanin halifa Mustansir na Faɗimiyawa, ƙarancin ruwan Nilu ya haɗu da rikicin sojoji, aka yi yunwar da tarihin Masar bai manta da ita ba. Kai ma ka san ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, shekara bakwai na yalwa da bakwai na tsanani, da shawarar a adana hatsi a cikin zangarniyarsa. A wannan ƙasar aka yi, a bakin wannan kogin.

Da jama'a suka yi yawa, noma sau ɗaya a shekara ya daina isa. A 1902 aka gama ƙaramar madatsar Aswan. Babbar kuwa, ta zamanin Jamal Abdul Nasir, an fara ta a 1960 aka gama a 1970 da taimakon Tarayyar Sobiyet, bayan Amurka ta janye alƙawarin kuɗinta a 1956, abin da ya sa Nasir ya ƙwace mashigin Suwez ya mayar da shi na ƙasa. Tafkin da ta tara zai iya riƙe ruwan kusan shekara biyu na kogin. Daga nan ambaliya ta ƙare a Masar, manomi ya koma shuka sau biyu ko uku a shekara, aka samu wutar lantarki megawat 2,100. Lokacin farin shekarun 1980, wanda ya kashe dubban ɗaruruwan mutane a Habasha, ya kuma ƙarar da dabbobi a nan Arewa, Masar ta riƙa cin ajiyar tafkin nan shekara bayan shekara, gonakinta ba su bushe ba. A ganina wannan kaɗai ya isa hujjar gina ta.

Sai dai an biya farashi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. An tashi Nubawa kimanin 100,000 a Masar da Sudan daga garuruwan kakanninsu, ruwa ya shafe tsohon garin Wadi Halfa. Lakar da take ciyar da gonaki yanzu tana kwanciya a gindin tafki, manomi ya koma sayen takin zamani. Bakin teku a Rashid da Dimyaɗ ya riƙa zaizayewa saboda ba sabuwar ƙasar da ke zuwa. Tun da ba ambaliyar da za ta wanke gona, gishiri ya fara tasowa, sai da aka kashe maƙudan kuɗi wajen binne bututun tsane ruwa a ƙarƙashin gonaki. Rana kuma tana shanye kimanin kubik mita biliyan 10 daga saman tafkin kowace shekara.

Bari in ɗan ratse, don akwai namu a bakin kogin nan. A Sudan, tsakanin rassan biyu, akwai gandun Jazira da madatsar Sennar ta 1925 take shayarwa, kuma Hausawa da Fulani da yawa da suka tashi da niyyar Hajji a ƙasa sun tsaya can suna aikin auduga, wasu suka zauna har jikoki. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa bayan yaƙin Burmi a 1903.

Yanzu ka gane dalilin da ya sa hankalin Masar yake tashi in an ambaci madatsar Habasha. A yarjejeniyar 1959 Masar da Sudan sun raba ruwan tsakaninsu, Masar kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan biliyan 18.5, ba a tuntuɓi Habasha ba alhali daga wurinta yawancin ruwan yake fitowa. A 2011 Habasha ta fara gina tata madatsar a kan Shuɗin Nilu kusa da iyakar Sudan, ta fara tara ruwa a 2020, ta buɗe ta a Satumban 2025. Tana ɗaukar kubik mita biliyan 74, tana ba da wuta sama da megawat 5,000. Ni ban ga laifin ƙasar da miliyoyin mutanenta suke kwana a duhu ba don ta nemi wuta daga koginta, kuma madatsar lantarki ba ta cinye ruwa, injin yake juyawa ya wuce. Amma tsoron Masar ma ba na banza ba ne. Abin da take tambaya shi ne, in aka jera shekaru ana fari, wa zai yanke yawan abin da za a saki? Rabon da take samu bai ƙaru ba tun 1959, lokacin da mutanenta ba su kai miliyan 30 ba. Yau abin da ke kan kowane mutum bai kai kubik mita 600 a shekara ba, alhali masana suna ɗaukar ƙasa da 1,000 a matsayin ƙarancin ruwa. Shi ya sa suke ƙayyade filin da za a noma shinkafa, suke tace ruwan da ya tsane daga gonaki su sake amfani da shi, kuma duk da manominsu yana girbe sama da tan 6 na alkama a hekta, suna cikin ƙasashen da suka fi kowa sayen alkama daga waje.

To mu dawo gida, ga rabin tambayarka na biyu.

Kogin Kaduna yana da tsawon kimanin kilomita 550. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya karɓi Galma da ta biyo ta Zariya, ya ratsa garin nan, ya shiga jihar Neja, ya faɗa Kwara a ƙasar Nufawa daura da Pategi. Kada ka raina abin da ya yi mana. Ruwansa da layin dogo suna cikin dalilan da suka sa Turawa suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. Masaƙun Kakuri, tun daga ta farko a 1957, ruwan nan suka dogara da shi. Famfon gari daga gare shi yake, ta wurin tace ruwa na Malali da na Kaduna ta Kudu. Madatsar Shiroro mai megawat 600, wadda ta fara aiki a 1990, da ta Zungeru mai megawat 700, duk a kansa suke. Wutar da ake kawo maka, in an kawo, da rabonsa a ciki.

Bambancinmu da Masar shi ne muna da damina, kuma daminar ce take sa mu sakankance. Wata shida sama tana ciyar da mu, sai mu ɗauka kogi ƙari ne. Amma daga Nuwamba zuwa Maris, wani lokaci har Afrilu, Kaduna ba ta fi Alƙahira samun ruwan sama ba. A waɗannan watanni mu ma mutanen hamada ne, kuma koginmu ba shi da wata Habasha da za ta aiko masa da ruwa. Damina ɗaya muke sha da shi, ranar da ta ɗauke mana ta ɗauke masa. Ƙasarmu kuma a kan dutse take zaune, ba ta riƙe ruwa da yawa a ciki, shi ya sa rijiyar burtsatse a unguwanni da dama take ja da baya da bazara. Don haka kogin yake cika ya tumbatsa a Agusta da Satumba, yawancin ruwan shekara ya wuce cikin 'yan makonni, zuwa Maris kuma ka tsaya a kan gada ka ga duwatsu a fili da 'yan kududdufai. Madatsar Kangimi da aka gina a shekarun 1970 don ta riƙa tallafa wa kogin da rani an yi ta ne lokacin da garin bai kai rabin yadda yake yanzu ba.

In kana son ka ga darajar ruwan rani da idonka, sauka bakin kogin da safe a watan Fabrairu. Za ka tarar da mai lambu ya kafa ɗan injinsa a kan gaɓa, ya ja tiyo zuwa fangalin tumatir da latas da kabeji. In ruwan ya ja baya ya bar shi, sai ya haƙa rami a cikin yashin kogin ya jira ya tsatso, ya tayar da inji, minti kaɗan ramin ya ƙafe, ya kashe ya sake jira. Yi masa lissafi: a zafin bazara hekta ɗaya ta tumatir tana shan kimanin milimita 6 a yini. Milimita ɗaya a kan hekta lita 10,000 ce. Wato lita 60,000 kowace rana, duro 300, ban da abin da zai ɓata a hanya. Mutumin nan ya fi mu duka sanin abin da kogi yake nufi, domin kuɗin mai da kuɗin makarantar 'ya'yansa a ramin nan suke. Abin da ke ci mini rai shi ne, wanda bai sami wuri kusa da kogi ba yakan jawo ruwan kwata ya ba ganyen da za mu saya mu ci ɗanye.

Ambaliyar da ka ambata kuwa, ba kogin ne ya shigo gari ba, garin ne ya shiga kogi. Filin da ruwa yake kwanciya a kai in ya cika, fadamarsa ce, hanyarsa ce tun kafin a kafa Kaduna. Misirawan da suka gabata a kan tudu suke gina ƙauyukansu su bar wa ruwa kwari, saboda sun san arzikinsu ne yake zuwa. Mu mun yanka fadamar fuloti-fuloti mun sayar, shi ya sa sunayen unguwannin da ake ji a labarai ba sa canzawa: Kigo Road, Kabala, Nasarawa, Rafin Guza, ɓangaren Unguwar Rimi da ke gangare. Ga shara da ta toshe magudanai, ga masu tifa suna kwasar yashi ba ƙa'ida har gaɓa tana zubewa, ga dattin masana'antu da na gidaje yana shiga ba tacewa. Da damina yawan ruwa yana ɓoye wannan ƙazanta. Da rani kuwa, da ruwan ya ragu, ita ce take rinjaye, a daidai lokacin da muka fi bukatarsa.

Idan kana neman kogin da ya yi kama da Nilu a ƙasar nan, duba Haɗeja da Jama'are, waɗanda suke haɗuwa su zama Komadugu Yobe. Suna tasowa daga inda ruwan sama yake da yawa, a kudancin Kano da tsaunukan Jos da Bauchi, su gangara zuwa Gashuwa da Gaidam inda damina gajeruwa ce, har tafkin Chadi. Da aka gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992, Kano ta sami ruwan sha, manoman Kadawa da Kura suka sami noman rani. Amma can ƙasa, a fadamar Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da makiyaya da masu shinkafa suke jira ta ragu, ruwan da ake saki ba lokacinsa ba kuma ya sa ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Rikicin Masar da Habasha ne a cikin gida ɗaya: na sama ya tare, na ƙasa yana jira. A jiharmu ma an fara, tun da madatsar Gurara da ke kudancin Kaduna tana tura ruwa ta bututu mai tsawon kusan kilomita 75 zuwa Abuja.

Abin da nake ganin ya fi gaggawa ba sabuwar katafariyar madatsa ba ce. Awo ne, da kula da abin da muke da shi. Kowace babbar gada a kan Kaduna da Galma ta kasance da allon awon ruwa da wanda ake biya ya karanta shi safe da yamma, a ajiye lissafin inda manomi da ɗalibi da mai tsara gari za su iya gani. A kwashe lakar da ta cike ƙananan madatsunmu. A shata iyakar fadama a hana gini a cikinta, har da ginin masu ƙarfi. A tilasta wa duk mai zubar da ruwan datti ya tace shi kafin ya kai kogi. Muna da Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a nan Mando tun 1979, ga sashen injiniyan ruwa a Jami'ar Ahmadu Bello, saboda haka ba masu ilimin ne babu ba. In karatun nan ya ba ka sha'awa, ƙanena, nemi ɗaya daga cikinsu, kuma kafin nan ka fara da abin da ba ya cin kuɗi: zaɓi ƙafar gada ɗaya, ka riƙa rubuta inda ruwa ya tsaya a jikinta duk ranar Asabar, daga yanzu har damina ta zagayo, ka kawo mini littafin mu karanta tare.